Kyaftin ɗin aji da kari-oba: yadda zangon farko a jami'a ya sauke mini girman kai

Ranar da aka manna sakamakon zangon farko a allon sanarwar sashenmu, sau uku ina bin layin lambata da yatsa, ina fatan ko idona ne ya tsallaka layin wani. Bai tsallaka ba. Matsakaicin makina 2.11, ga F zaune daram a gaban lissafi, kwas mai yunit uku, wato kari-oba, sai na sake shi. Ni da na yi hedi-boyi, ni da aka kira sunana ranar yaye mu aka miƙa mini allon yabo na shugabanci, Baba yana zaune a layin gaba da babbar rigarsa ta Sallah.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari, ƙasar gero da riɗi da zoɓo. Daga can na ci jarrabawar shiga wata makarantar kwana da ke tinƙaho da cewa shugabannin gobe take rainowa. Wani malaminmu yakan kwatanta ta da African Leadership Academy ta Johannesburg, wadda Fred Swaniker ɗan Ghana ya kafa da abokansa, ta fara ɗaukar ɗalibai a 2008. Tamu ba ta kama ƙafar waccan ba, amma ta yi mana rana: mun iya tsayawa gaban jama'a ba rawar murya, mun iya muhawara, mun iya rubuta bayanin taro. Kullum ana nanata mana cewa shugaban mutane shi ne mai yi musu hidima, kuma in aka nemi mai sa kai, hannunka ya riga na kowa tashi.

Akwai wani tsohon wilin mota da aka rataye a jikin darbejiya gaban ofishin shugaban makaranta. Shi ke tashe mu sallar asuba, shi ke kai mu aji, shi ke kai mu ɗakin abinci, shi ke zaunar da mu firef daga bayan isha'i har ƙarfe goma. A aji shida ni nake ba da umarnin a buga shi. Shi ya sa na ɗauka tsarin nan nawa ne, a jinina yake. Ashe na wilin ne.

Na gama a 2021, na ci JAMB, na samu gurbi a wata jami'a a Kano, sai yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya zaunar da mu gida daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Zaman nan ya ƙara fasa mini kai. A ƙauye ni ne mai rubuta wa mai unguwa takarda, ni ne mai tara samari gayyar cike zaizayar hanya da damina. Dattawa suka fara ce mini “Shugaba” cikin raha, ni kuwa ina amsawa da gaske.

Mako na biyu da fara lacca, wani malami ya shigo ya ce aji ya fitar da kyaftin. Mu sama da ɗari biyu ne a zauren, kowa ya yi tsit. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya tashi. Aka tafa. Wani ɗan aji uku da muke ɗaki ɗaya a hostel ya dube ni da daddare yana juya garau-garau a kan risho, ya ce, “Ƙanena, wa ya aike ka? Nan fa kowa tasa ta fisshe shi.” Na yi masa murmushin wanda ya san abin da yake yi. Na ma ɗan ji tausayinsa, wai bai samu horon da na samu ba.

Kyaftin a jami'a ba hedi-boyi ba ne. Hedi-boyi yana da firifet ashirin a ƙarƙashinsa, da malami a bayansa, da sanda in ta kama. Kyaftin ɗan aike ne mai lambar waya. Kai za ka nemo zauren da babu kowa, kai za ka bi malami ofis ka ji ko zai shigo, kai za ka ɗauko lasifika, kai za ka amsa wanda ya kira ƙarfe ɗayan dare yana tambayar ko gobe akwai lacca, alhali ka rubuta a zauren WhatsApp tun la'asar. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya kashe ni kuɗin handawut ne.

Aka ba ni takardun kwas biyu in kai a buga wa aji. Muka yi lissafi, naira 1,200 kowane mutum. To, a Fabrairun 2023 ake, lokacin canjin kuɗi, sa'ad da takardar naira ta zama kamar zinare. Mai hoton takardu ya ce shi tsaba yake so, don masu sayar masa da takarda da man janareta ba sa karɓar taransifa. 'Yan aji kuwa ba mai tsaba. Sai na ba da lambar asusuna, asusun da Baba ke sa a turo mini kuɗin abinci. Mutum ya zo ya nuna mini hoton waya cewa ya tura, in sa masa alama a jerin suna. Sabis ɗin banki a makonnin nan sai a hankali, alat yakan kwana biyu bai shigo ba, saboda haka ban damu ba. Na yarda da kowa. Mu a makarantarmu ba a yi wa hedi-boyi ƙarya.

Abin da ke ƙona mini rai har yanzu shi ne an koya mana wannan. Akwai darasi guda cur a kan amanar kuɗin jama'a: mai karɓa daban, mai ajiya daban, sa hannun mutum biyu. Na ci maki mai kyau a darasin. Da abin ya zo a zahiri sai na ga ai neman mataimaki gazawa ce.

Tes ɗin lissafi ranar Talata ne ƙarfe goma. Ni da hannuna na rubuta sanarwar, har da gargaɗin kada kowa ya makara. Da asubar ranar na tafi layin banki in ciro tsabar da zan kai wa mai hoto, don aji ya fara gunaguni, har wani ya rubuta “kyaftin ko dai an ci kuɗin ne?” Maganar ta tsaya mini a wuya. Na samu lamba a layi, na lissafa zan gama kafin tara. Tara da rabi saura mutum goma sha ɗaya a gabana. A nan ne na yi zaɓin. Ba wanda ya riƙe ni, da na fita a lokacin da na isa. Na tsaya, saboda ina jin kunyar in koma aji hannu rabbana. Da na fito da 'yan kuɗin da aka ba ni, na tari adaidaita sahu, muka shiga cunkoso, goma da minti arba'in na isa ƙofar zaure. A rufe.

Na bi malamin ofis bayan an tashi. Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, hidimar aji ce ta riƙe ni.” Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Ɗan samari, hidimar aji aka turo ka yi daga gida?” Bai yi faɗa ba. Ya ce ba ya sake tes sai ga mai takardar asibiti, kuma gaskiyarsa ce.

Maki 30 ne suka tafi. Ya rage in samo 40 daga cikin 70 na jarrabawa kafin in tsira da E, ni da rabona da zama in warware lissafi awa biyu a jere tun ina firef. Na samu 33.

Wanda bai shiga ba yana ganin F ɗaya ba wani abu ba ne. Ga yadda take cizo: kwas mai yunit uku in ka ci A maki 15 ne, in ka faɗi sifili ne, amma yunit ukun suna nan cikin abin da za a raba da shi. Ni yunit 18 na ɗauka, na tara maki 38, shi ne 2.11 ɗin nan. Matakin digiri na biyu mai daraja ta sama daga 3.50 yake farawa. Ramin da na haƙa a wata huɗu, zango huɗu na yi ina cike shi. Da ɗan ɗakinmu ya zauna ya yi mini wannan lissafin a makon farko maimakon karin magana, wataƙila da na ji. Wataƙila kuma da ban ji ba, don a lokacin kunnena ya yi nisa.

Kuɗin kuwa, da na je na karɓo bayanan asusu na bi su ɗaya bayan ɗaya, kusan naira 47,000 ba su taɓa shigowa ba. Wasu taransifar ta koma musu suka yi gum, wasu hoton ma na wani ne aka tura musu. Na san wasunsu. Muna gaisawa har yau, amma ban manta ba.

Da hutun ƙaramar Sallah na je gida. Kwana biyu ina kewaye-kewaye. Daren na uku muna zaune a zaure bayan isha'i, Baba yana gyara igiyar akuya, na faɗa masa duka, har da tes ɗin. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, “Kuɗin mutane ne?” Na ce eh, Baba. Ya ce, “To ba a kwana da su.” Ranar Alhamis ya sa aka ɗora buhun riɗin da ya ajiye don sayen takin damina a kan amalanke zuwa bakin titi, aka kai kasuwar Maigatari. Inna ce ta faɗa mini daga baya cewa gonar gabas ba ta ga takin zamani ba a shekarar, sai ɗan na gida. Ita ba ta yi mini faɗa ba, ta dai cika mini jaka da ƙuli-ƙuli da garin danwake, ta ce, “Shugaba, a dinga cin abinci.” Ban taɓa jin sunan ya yi mini nauyi kamar ranar ba.

Na ajiye kyaftin a makon farko na zango na biyu. Wasu suka ce na tsorata. Na bar su. Na sayi ƙaramin agogo mai ƙara, na rubuta jadawali a kwali na manna a bangon gadona: bakwai da rabi zuwa goma na dare ɗakin karatu, waya a kashe, kamar dai ana buga wilin. Janye tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, da ya kai litar fetur daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ya taimaka mini ta hanyar da ban so ba, don kuɗin motar Gumel ya fi ƙarfina, na daina zuwa gida sai ƙarshen zango.

Yaran makarantarmu da suka biyo bayana sukan kira ni in sun samu gurbi. Ba na hana su shugabanci, ni ma a aji uku na riƙe sakataren ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarmu, kuma na ji daɗinsa. Abin da nake ce musu, zangon farko ka zauna a kan hannunka. Ka fara sanin wane kwas ne mai yunit uku, ina ofishin malamin da ke kula da ajinku yake, awa nawa kake iya karatu in ba mai tsaron ka. In kuma dole ta sa ka karɓi muƙami, kada kuɗin kowa ya shiga asusunka, ko na kati ne. Yawancinsu sukan ce “to Yaya” da irin muryar da na amsa wa ɗan ɗakinmu.

Lissafin nan na sake shi a aji biyu, ina zaune a layin baya cikin sababbin ɗalibai, hula a karkace don kada a gane ni. Mako na uku kyaftin ɗinsu ya zo kaina da littafi a hannu, yaro mai fara'a, gumi na zuba, wai kuɗin handawut. Na ba shi tsaba, na sa ya rubuta sunana da adadin a gabana, na ce ya kira wani ya sa hannu a gefe. Ya dube ni kamar na zage shi. Na samu B.