Asabar, sai da muka yi magana kafin a jefa dayis

Tun bayan la'asar muka taru a ɗakin DM ɗinmu, wato mai jagorantar wasanmu na Dungeons & Dragons, wasan labari da kowa ke buga nasa karakta, amma ba a taɓa dayis ba sai bayan isha. Sati guda kenan guruf ɗinmu na WhatsApp ya yi tsit, kowa na karantawa ba mai amsawa, kuma duk mun san dalili.

Wancan zaman na Dungeons & Dragons, mai buga karaktan ɓarawo ya tura wa DM saƙo a ɓoye wai zai zare kwalbar maganin warkarwa daga jakar malaminmu, karaktan da ke warkar da mu da sihiri, ya jefa d20, dayis mai fuska ashirin, ya ci. Can cikin kogo ƙananan dodannin da ake kira goblin suka rufe mu, mayaƙinmu ya faɗi HP ziro, wato makin lafiyarsa ya ƙare, malami sihirinsa ya ƙare, ya laluba jaka wayam. Kwalbar zinariya 50 ta kuɗin wasa fa kacal. Mayaƙin ya faɗi jifan ceton rai har uku ya mutu, karaktan da mai shi ya yi watanni yana ginawa har hotonsa ya zana a bayan takardar.

DM ya ja ni gefe wai ya shirya dodon da zai cinye ɓarawon yau kowa ya huta. Na ce oga kar ka soma, in ka kashe masa karakta zai ɗauko wani ya dawo da haushin da ya fi na da, mutumin da ke zaune a gabanka ne ya ɓata wa abokinsa rai, shi za a yi wa magana.

Da aka buɗe zancen abin da na zata shi mai ɓarawo ya faɗa: "ai ɓarawo ne, halinsa kenan." Mai mayaƙi ya ajiye kofin shayi ya ce, "Mutumina, wa ya rubuta masa halin? Ba kai ba?" Ina jin tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan nan a Amurka ake wannan musun. Sai da aka ɗan yi hayaniya sannan gaskiyar ta fito. Mai ɓarawo ya ce kullum in faɗa ne na mayaƙi ne, in magana da sarki ce ta malami ce, shi yana gefe yana danna waya, ba ƙofa a kulle ba tarko ba komai, ranar da ya yi satar ce kaɗai DM ya ɗago ya kalle shi. Wallahi ɗakin ya yi shiru, don ba ƙarya ya yi ba. Wannan bai wanke shi ba a wajena, da baki ya kamata ya faɗa tun tuni, amma dai.

Mun tsaya a kan ba sata tsakaninmu sai wanda za a yi wa ya yarda, kuma DM zai riƙa zagayawa yana tambayar kowa me yake yi. Mun kuma ajiye kati mai X a tsakiya, dabarar John Stavropoulos, wanda abu ya dame shi ya taɓa a tsaya.

Mayaƙin kuwa akwai Raise Dead, sihirin tayar da mamaci, sai dai yana buƙatar lu'ulu'u na zinariya 500 kuma kar gawa ta wuce kwana 10. Ɓarawo ya ce shi zai samo, kar a tambaye shi daga ina. Tsiren sati mai zuwa ma a kansa.