Daga Bur Sudan zuwa Jidda tare da Gwaggo

Gwaggona ce ta fara lura da abin, tun muna zaune a filin jirgin saman Bur Sudan muna jiran a kira mu. Ta miƙo mini tikitinta ta ce, "Ɗan nan, ka ce mini tafiyar awa guda ce, ga shi takarda ta nuna awa biyu." Na yi mata bayani cewa tun da Sudan ta mayar da agogonta baya a 2017, Saudiyya take gabanmu da awa guda, don haka awa ɗayar ta agogo ce kawai, ba za mu yi ta a sama ba.

Tsakanin filin Bur Sudan da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kimanin kilomita 320 ne, kusan dukkansu a kan Bahar Maliya. Inda lokaci ya tafi shi ne a ƙasa. A lokacin, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe filin Khartum, ɗan ƙaramin filin nan da ke kudu da gari ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa, kuma mun zo tun da hantsi amma ba mu tashi ba sai bayan Azahar. Na ɗaura haramina tun a can, domin a ganina tafiya mai gajarta haka ba ta ba mutum sukunin sauya tufafi a cikin jirgi.

Muna ɗagawa sai gaɓar teku ta koma bayanmu, ruwa ya shimfiɗu ta ko'ina. Ana gama raba shayi aka sanar da mu ɗaura ɗamara za a fara sauka. A agogona, minti 50 muka yi a sama.

A cikin waɗannan mintocin ne Gwaggo, tana leƙen taga, ta ba ni labarin mahaifinta. Da ƙafa ya baro ƙasar Hausa da niyyar Hajji, ya ratso Borno da Wadai da Darfur, ya yada zango a Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Kogin Nilu bayan Yaƙin Burmi na 1903. Ya yi shekaru yana cirar auduga a gonakin Jazira kafin ya tara guzurin da ya kai shi Sawakin, inda ya yi ta jiran jirgin ruwa. Ita kanta Hajjinta na farko ta Sawakin ta bi, kuma a kan teku suka kwana. "Wannan ruwan," in ji ta, "shi Baba ya yi ta kallo daga gaɓa." Na ce, "Allah Ya jiƙansa, Gwaggo," ta amsa da amin idanunta na kan ruwan.

A Jidda, layin duba fasfo da motar da ta kai mu Makka kowannensu ya fi tafiyar jirgin cin lokaci. Da muka zauna a motar na gyara agogona, na miƙa hannu zan gyara nata, sai ta ce in bar mata shi a lokacin Sudan, domin da shi za ta san sa'ar da za ta kira 'ya'yanta a Gadarif.