Wuƙar lambu ta kai ni Sakkwato

Daga Gusau muka ɗauki hanya da hantsi, muka ratsa Talata Mafara da Tureta da Dange cikin hazo, sai ga mu a Sakkwato gab da la'asar. Na fara zuwa Hubbaren Shehu na yi ziyara, don bai kamata baƙo ya shigo garin nan ya zarce kasuwa ba. Washegari na shiga neman abin da ya kawo ni.

Tsofaffin wuƙaƙen lambu nake tarawa, musamman wata iri mai wuyar samu. Naɗewa take yi, bakinta a tanƙware kamar ƙaramin lauje, kuma a jikin ƙotar an haɗa almakashin datse reshe, da sifirin mai buɗe shi da 'yar ƙugiya mai riƙe shi a rufe. A Faransa aka ƙirƙiro irin wannan almakashi a farkon ƙarni na 19, daga baya maƙera suka haɗa shi da wuƙa don mai lambu ya jefa abu ɗaya a aljihu. Garuruwan da suka yi suna a ƙirar wuƙa su ne Sheffield a Ingila, Thiers a Faransa, Solingen a Jamus. Sakkwato kuwa tana tsakanin hanyoyi biyu: kayan Ingila sun shigo ta kantunan kamfanoni, na Faransa ba su da nisa, ga Birnin Ƙonni nan bayan Illela.

A Tsohuwar Kasuwa na tsuguna gaban wani ɗan gwangwan, na nuna masa hoto a waya.

"Wagga kaka biɗa, Malam? Jira ni."

Ya dawo da ita tana sheƙi. Gabana ya faɗi tun kafin ta iso hannuna. Irin da nake nema ce, amma an kai ta injin washi an kankare ta tas, har gindin ruwan wuƙar, inda maƙeri ke buga tambarinsa. Shi a ganinsa ya ƙara mata daraja, shi ya sa ya tsuga kuɗi. Ban ga laifinsa sosai ba, mai sayen wuƙar yanka albasa ƙyalli yake dubawa. Amma a wannan ɗan gurbin da bai kai faɗin farce ba ake karanta asalin wuƙa. Tauraro da kuros alamar gidan Joseph Rodgers ce. Sunan Saynor na nuna gidan da ya shahara da wuƙaƙen lambu. In an ga sunan ƙasa ƙarƙashin sunan gari, galibi bayan 1890 aka ƙera ta, shekarar da Amurka ta yi dokar da ta tilasta rubuta ƙasar asali a kan kayan da ake shigar mata da su. In an rubuta cewa ƙarfen ba ya tsatsa, to ba ta girmi 1913 ba, lokacin da Harry Brearley ya samar da shi a Sheffield. Duk wannan injin ya cinye. Na yi masa godiya na tashi.

Wani maƙeri a Maƙerar Asada ne ya ce ya taɓa gyara irinta ga wani dattijo mai lambu a fadamar Kwalkwalawa. Ɗan kabu-kabu ya kai ni. Na tarar da dattijon ƙarƙashin gwaiba, na durƙusa muka gaisa, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya yi dariya ya zaro ta daga aljihun taguwa.

Baƙa ce ƙirin. Ɓari ɗaya na ƙotar ƙaho ne na asali, ya yi santsi don shan hannu. Ɗayan ɓarin icce ne da aka sassaƙa a nan aka ɗaure da ƙusar tagulla. Sifirin ma ba nata ba ne, maƙerin ya lanƙwasa wani ya sa. Masu tara wuƙa a Turai za su rage mata kuɗi saboda wannan gyara. Ni dai gyaran ya burge ni, don an yi shi da tsabta, kuma almakashin na cizo daidai.

"Baba, ka yarda in goge gindin?"

"Goge, ɗana, amma kak ka sa mata dutse."

Na ɗiga kananzir, na murza da tsumma a hankali. Sunan maƙerin ya riga ya shafe, sai SHEFFIELD ya fito, ƙarƙashinsa ENGLAND. Na ce masa ba ta wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Ya ce hakan ya yi daidai, mahaifinsa ya same ta wurin wani Bature da ya yi wa aikin lambu kafin a ba da mulkin kai. Ya kama wani tsiron gwaiba da ya fito ba bisa ƙa'ida ba, ya datse shi ƙas, ya juya wuƙar ya share bakin yankan don kada ruwa ya kwanta.

Na taya. Ya ce albarka tun ban rufe baki ba.

"In na saishe ta, da mi za ni aiki? Amma akwai wani abokina Wurno, shina da irinta guda biyu, ɗaya da rubutun Faransa. Shi ya bar lambu, ɗiyanai duk suna birni."

Ya kira jikansa ya ce ya karanto mini lambar wayar mutumin. Kafin azahar ina tasha ina tambayar motar Wurno.