Shuɗin hannun Baba

Shekara biyu na yi ina karatun kimiyyar sinadarai a jami'a, amma cikin abokan karatuna babu wanda ya san mahaifina marini ne. In an tambaye ni sai in ce ɗan kasuwa ne. Hannunsa nake jin kunya. Shuɗi ne tun daga farce har gwiwar hannu, irin wanda sabulu ya daɗe da haƙura da shi. Ranar da ya rako ni rajista, cewa na yi ya jira ni a bakin ƙofa, wai layi ya yi yawa. Bai ce uffan ba, ya nemi inuwa ya zauna.

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur, shi ya maido ni gida. Na shafe wata guda ina kwance da waya a hannu, har Inna ta gaji ta ce, "Ko ka bi babanku karofi, ko ka nemi mai ba ka tuwo." Haka na bi shi Ƙofar Mata ina jan ƙafa.

A can na fara karatun gaske. Ana zuba ganyen baba da toka da kanwa a rami, a bar su kwana da kwanaki, ana motsawa da muciya. Ba ma'auni, ba littafi. Baba zai sunkuya ya shinshina, ya duba kumfar da ta taso, wani lokaci ya ɗanɗana a harshe, sai ya ce, "Da saura." Ranar da na fara tsoma ƙyalle da hannuna, ya fito kore-kore, na ɗauka na ɓata aiki. Ina riƙe da shi ya riƙa juyewa yana zama shuɗi a kan idona. Wallahi wannan abin na rubuta shi a jarrabawa, na ci maki, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Na shiga yi wa Baba bayanin yadda iska ke sauya sinadarin, har da Turanci. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "To, mu nan cewa muke ya sha iska."

Garin nuna iyawa na ɓata shaddar wani. Na danna ta a rami na bar ta, a ganina daɗewa ce ke kawo duhun launi. Ta fito dabbare-dabbare. Baba ya biya mai ita daga aljihunsa, sannan ya nuna mini: a tsoma, a ɗaga, a bar shi ya sha iska, a sake tsomawa, sau da yawa, har shuɗin ya kama. Tun daga nan ban ƙara haddace abin da hannuna bai taɓa ba in ce na iya, kuma da aka koma makaranta malamai ma sun ga bambanci.

Allah Ya yi masa rasuwa cikin azumin 2023, saura shekara guda in gama. Ina cikin masu yi masa wanka. Aka cuɗa hannayen nan, shuɗin yana nan daram, da shi ya tafi. Da su aka biya kuɗin makarantata tun daga firamare, kuma ban taɓa riƙe su na ce na gode ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Bayan addu'ar arba'in na kasa daurewa, na gaya wa Inna maganar bakin ƙofa. Ashe ta sani. A daren ranar ya ba ta labari, ranta ya ɓaci, ta ce sai ta yi mini faɗa. Ya hana ta. Ya ce, "Ƙyale shi, yanzu aka ɗago shi daga rami. Bari ya sha iska."