Ankwa a Hannun Wanda Ake Mayarwa Gida

Na yi shekaru cikin masu rakiyar baƙin da aka yanke a mayar da su ƙasashensu, daga Kano zuwa bakin iyaka ta Maigatari ko Kwangwalam, jefi-jefi kuma zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano. Takardar da ake ba mu cewa take a kai mutum a miƙa shi. Ankwa ba ta cikin hukuncin, kuma wanda ba shi da takardar zama ba ɗan fashi ba ne.

Aikin yana farawa tun daren jajibirin tafiya. Nakan zauna da mutum in tambaye shi: "Malam, akwai abin da ka bari a gari?" Yawancin masu tirjiya a bakin mota ba faɗa ne a ransu ba. Wani kuɗinsa na hannun maigidansa a Kantin Kwari, wani keken ɗinkinsa, wani matarsa ba ta ma san an kama shi ba. A ba shi waya ya kira, a haɗa masa kayansa, a faɗa masa lokacin tashi da inda za a sauke shi. Sau da yawa da safe shi zai riga ka shiga mota. A zaman nan kuma ake tambayar lafiya: asma, sikila, hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya, juna biyu. Mai ɗaya daga cikin waɗannan sai ma'aikacin lafiya ya duba shi kafin a motsa.

Idan ta kama dole, wato mutum ya kai duka, ko ya yi yunƙurin dirowa daga mota, ko yana neman ji wa kansa rauni, to hannu a gaba ake sa wa ankwa. A bar sararin da ɗan yatsa zai shiga tsakanin ƙarfe da wuyan hannu, sannan a danna makulli na biyu. In an manta da shi, duk ramin da mota ta faɗa ankwar ƙara matsewa take, har ta danne jijiya, babban yatsa ya mutu na makonni. Ta roba ta fi sharri, domin ba ta sassautuwa sai an yanke, don haka ban taɓa yarda a sa ta ba sai abin yankan yana aljihuna. A zafin Afrilu hannu yakan kumbura kafin a kai Gumel. Duk bayan minti 15 nake duba farce: in ya yi fari ko ya yi duhu, ko mutum ya ce yatsunsa sun yi sanyi, a sassauta nan take. Ba a ɗaure mutum da kujerar mota, saboda in hatsari ya auku an rufe masa hanyar fita. Lokacin salla da bayan gida a cire. Mace kuwa mace ce ke taɓa ta, yaro ba a sa masa sam.

Inda rai ke salwanta shi ne numfashi. Mutumin da ya gama kokawa jikinsa na neman iska ninkin yadda ya saba. In aka kwantar da shi rub da ciki aka ɗora masa gwiwa a gadon baya, ko aka dunƙule shi a kujera kansa a tsakanin gwiwoyinsa, haƙarƙari ba ya samun wurin buɗewa. Sai ya ƙara fizge-fizge don neman iska, masu riƙo su ɗauka taurin kai ne, su ƙara dannewa. Na sha jin ana cewa ai mai magana yana numfashi. Wallahi ƙarya ce, magana iska kaɗan take buƙata. Shirun da ke biyo bayan ihu shi ya fi tsorata ni.

Semira Adamu, 'yar Najeriya mai shekara 20, ta mutu a 1998 bayan jandarmomin Beljiyam sun danna fuskarta cikin matashi a jirgi. Marcus Omofuma, shi ma ɗan Najeriya, ya mutu a 1999 a jirgin da ya taso daga Biyana, babban birnin Ostiriya, an liƙe masa baki da salatif. Jimmy Mubenga ɗan Angola ya mutu a 2010 a filin jirgin Heathrow na Landan, hannu a baya, an tanƙwara shi gaba, fasinjoji na jin yana cewa ba ya iya numfashi. Duk abin da aka toshe ko aka danne, don a hana su ihu a kai su gida ne. Shi ya sa in abu ya kai sai an rufe wa mutum baki, nakan ce wa oga a fasa tafiyar yau. Mota za ta sake tashi jibi.

Kowace ankwa da aka sa tana shiga littafi: wa ya ba da umarni, me ya jawo, ƙarfe nawa aka sa, ƙarfe nawa aka cire. Jami'in da ya san zai rubuta dalili yakan yi tunani kafin ya zaro ta.

In mun kusa iyaka nakan sa direba ya tsaya a gefen hanya. A nan nake cire ankwar, in duba wuyan hannun, in ba mutumin ruwa ya wanke fuska ya gyara hularsa, ya ɗauki jakarsa da hannunsa, sannan mu ƙarasa wurin jami'an ƙasarsa.