Yadda na dasa motata a ƙasa, na dawo na ɗaga ta

BMW 330i ce, ƙirar E46 ta 2003, injin lita 3 mai silinda shida, tana ja da tayoyin baya. Inji kam babu abin cewa. Abin da ya dame ni shi ne in na shiga kwana sai ta kwanta gefe ɗaya kamar kwale-kwale, in na taka birki sitiyari ya riƙa rawa a hannuna.

Ni a ganina maganin a fili yake: a sauke ta ƙasa, a ƙara mata tauri. Na yi odar wasu shokazoba masu araha ta intanet, irin waɗanda ake murɗa zobensu a rage tsayin mota, na sauke ta wajen santimita 6, na ɗora mata rim mai inci 19. Ranar da ta fito daga gareji, sai da yaran layinmu suka taru suna ɗaukar hoto.

Mako biyu daɗin ya yi. Duk tudun rage gudu da ke Kano sai da cikin motar ya gaisa da shi, ko da na bi shi a karkace. Wannan ma mai sauƙi ne. Wata rana a kan hanyar Zariya na shiga wata 'yar kwana mai gargada, ba ma da wani gudu ba, sai na ji bayan motar ya yi tsalle ya koma gefe. Na kama ta da ƙyar, na faka, ƙafata tana karkarwa a kan birki.

Wani dattijon bakanike da ke kusa da Ƙofar Ruwa aka kwatanta mini. Bai ko kalli shokazobar da nake alfahari da ita ba. Ya ɗaga motar, ya zura ƙarfe a bayan hannun tayar gaba, ya ɗan banƙara. Sai ga bushin ɗin, wato robar da ke tsakanin hannun taya da jikin mota, ya buɗe baki, robar duk ta tsattsage.

"Alhaji, shekararta nawa?"

"Ta haura ashirin, Baba."

"To robar ma haka. Ka ɗora sabon sirdi a kan doki mai ciwon ƙafa."

Ya ce aikin sifirin da shokazoba shi ne su riƙe taya a manne da ƙasa. In sun yi tauri fiye da kima, ko an sauke mota har shokazoba ta rasa wurin motsi, da zarar taya ta daki rami sai ta tashi sama, kuma tayar da ke sama ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki. Tsarin da na saya na lafiyayyen filin tsere ne, mai kwalta sumul, ni kuwa kullum ina tsakanin Zoo Road da Hotoro.

Muka koma farko. Aka canza bushin na gaba da na hannuwan baya, da tayarod, da robobin saman shokazoba. Abin da ban taɓa sani ba: wasu kusoshin bushin ɗin bai ɗaure su tamau ba sai da nauyin motar ya zauna a kan tayoyinta. In an ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ta mutu da wuri. Daga nan na cije na sayi shokazoba Bilstein B8 da sifirin Eibach, waɗanda suka sauke ta kimanin santimita 3 kawai. Aljihu ya ji jiki. Rim ɗin 19 na sayar da su a kan asara, na koma 17 da taya 225/45, mai isasshen nama a gefe.

Saitin tayoyi ne na ƙarshe, shi ma da farko tsallake shi na yi. Mota in ta sauka, saman tayoyinta yakan karkata ciki. Shi ya sa tayoyina na baya suka cinye ta ciki tun ba su tsufa ba.

Watan jiya na bi ta Hawan Kibo. Motar ta ɗan kwanta a kwanar farko, kaɗan, sannan ta zauna daram ta bi inda na nuna mata. Matata, wadda ta daina shiga motar tun da na dasa ta, barci ta yi har Akwanga.