Kafin Ku Saki Tsohon Filinku Don Alƙawarin Sabo

Ƙannena masu riƙe da ƙananan ƙungiyoyin ƙwallo, na unguwa ne ko masu buga gasar jiha, wata rana wani mai hannu da shuni zai aiko a kira ku. Zai ce ya gaji da ganin yaran garinsa suna wasa a kan tsakuwa, don haka zai gina muku filin wasa da kuɗin aljihunsa, babu sisin gwamnati a ciki. Zai nuna muku zane a waya: koriyar ciyawa, rumfar 'yan kallo, fitilu a kusurwa huɗu. Ku tarbe shi hannu bibbiyu, ku gode masa, domin da yawansu da zuciya ɗaya suke faɗa. Amma kada ku yi abin da na yi.

Ni ne sakataren ƙungiyarmu lokacin da aka yi mana irin wannan alƙawari. Muna da fili a wata makarantar firamare, da yardar shugaban makarantar da dattawan unguwa. Mu muka share shi, muka cike ramukansa da jar ƙasa, muka kafa turakun ƙarfe da kuɗin karo-karo. Wata ƙungiya ta daɗe tana son wurin. Da na ga tifa ta fara sauke yashi a filin Alhajin da ya yi mana alƙawarin, aka soma buga bulo, sai na rubuta takarda da hannuna cewa mun bar wa waccan ƙungiya filin makarantar daga ƙarshen kakar wasa. Kocinmu, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ja ni gefe ya ce, "Sakatare, sunan wa ke kan takardar sabon filin nan?" Na ce, "Haba Baba, mutum ya ɗauko alheri zai yi mana, sai mu tsare shi da tambayar takarda? Ai rashin kunya ne." Ya yi shiru bai ƙara cewa komai ba. Don na ga hadari, na zubar mana da ruwan tulu.

Alhaji bai yaudare mu ba. Kasuwa ce ta juya masa baya. Aiki ya tsaya bayan an gama katanga da rabin rumfa, rodi a tsaye yana tsatsa, awaki suna kwana a inda aka ce ɗakin sauya kaya za a yi. Filin da sunansa yake, don haka da masu bin sa bashi suka taso, cikin dukiyarsa aka lissafa shi, aka yanka fulotai aka sayar. Ba mu da bakin magana, ba mu da ko layi ɗaya a rubuce. Har yau ina tuna yaranmu suna tura turakun raga a kura, daga wannan fili zuwa wancan, muna roƙon a ba mu awa ɗaya kafin magariba. Waɗanda suka fi iya wasa a cikinsu suka kama gabansu, kuma ban ga laifinsu ba.

Wataƙila ku ce ai namu bai kammalu ba ne, da an gama ginin da komai ya yi daidai. To ku saurari labarin Darlington, wani gari a arewa maso gabashin Ingila, inda aka gama ginin tsaf.

An kafa ƙungiyar garin a 1883, kuma tun daga lokacin take wasa a wani tsohon fili mai suna Feethams, a tsakiyar gari, inda mutum zai tako da ƙafa daga gidansa. A 1999 wani attajiri, George Reynolds, wanda ya yi kuɗi da sana'ar kayan katako na ɗakin girki, ya sayi ƙungiyar tana rukuni na huɗu. Ya biya mata basussuka, ya yi alƙawarin kai ta gasar Firimiya, sannan ya gina mata fili mai kujeru 25,000 a bayan gari, ya sa masa sunansa. A watan Agustan 2003 aka buga wasan farko, mutum 11,600 suka shiga, Kidderminster Harriers ta ci su biyu da nema. Ko a ranar buɗewa ke nan fili bai kai rabi ba. Hukumar garin ma ta ƙayyade cewa a sauran wasanni kada 'yan kallo su wuce 10,000 saboda hanyoyin zuwa wurin ba za su ɗauki cunkoso ba. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba, bashi ya ci ƙungiyar, aka miƙa ta ga masu kula da kamfanonin da suka kasa biyan bashi. Reynolds ya tafi a farkon 2004, a 2005 kuma aka ɗaure shi kan kaucewa biyan haraji.

Shi ya tafi, ginin yana nan, kuma kullum sai ya ci kuɗi. Wuta, masu gadi, gyaran rufi, kula da ciyawa, duk na filin mutum 25,000 ne, alhali a shekarun ƙarshe da ƙyar ake tara 'yan kallo 2,000. Komawa Feethams kuma babu hali, an rushe shi, daga baya aka gina gidaje a wurin. Ƙungiyar ta sake durƙushewa a 2009, ta faɗo daga gasar ƙwararru a 2010. Ta ci kofin FA Trophy a Wembley a 2011, amma kofi bai biya bashi ba: a 2012 ta durƙushe karo na uku, aka mayar da ita baya da rukuni huɗu, har sunanta sai da aka sauya zuwa Darlington 1883. Magoya baya ne suka karɓe ta, suka koma zaman haya a filin garin Bishop Auckland, babban filin kuwa wata ƙungiyar wasan zari-ruga ta saye shi. Sai a watan Disambar 2016 suka dawo garinsu, a wani ƙaramin fili mai suna Blackwell Meadows. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, a 2017 sun ƙare kaka a matsayin da za su buga wasannin neman hawa rukuni na gaba, aka hana su, saboda sabon wurin ba shi da kujeru 500 masu rufi da doka ta tanada. Ƙungiyar da aka taɓa gina wa kujeru 25,000 ke nan.

Saboda haka tambayar farko ita ce wadda Baba koci ya yi mini na ƙi ji. Sunan wa ke kan takardar fili? In na mai kuɗin ne, babu laifi, haƙƙinsa ne, amma a rubuta yarjejeniyar haya ta shekaru masu yawa da sunan ƙungiya, wadda za ta ci gaba da aiki ko ya sayar, ko ya rasu magada suka raba gado, ko banki ya karɓe. Wannan yana nufin ƙungiyar taku ta zama mai rajista, mai amintattu, ba taron abokai kawai ba. Ku nemi lauya ya duba, ku sa mai unguwa da hakimi su shaida. Kuɗin lauya bai kai kuɗin saitin riguna biyu ba, kuma mu mun sayi riguna sau da yawa ba mu taɓa zuwa wurin lauya ba.

Sannan ku zauna da biro da takarda ku yi lissafin abin da ba ya cikin zane. Ciyawa tana son ruwa kullum daga ƙarshen damina har bazara, ke nan rijiyar burtsatse da famfo da wanda zai kula da su. Fitilu suna son dizal ko sola. Mai gadi yana son albashi ƙarshen wata. Ku ƙirga mutanen da suke biyan kuɗin ƙofa a wasanku na yau da kullum, ba ranar da kuke karawa da abokan hamayya ba, ku ga ko kuɗinsu zai ɗauki wannan nauyi ba tare da an koma ƙofar Alhaji ba. In ba zai ɗauka ba, ginin ya fi ƙarfinku, a rage shi. Ku duba nisan wurin kuma. Yaron da yake zuwa kallo da ƙafa ba zai biya kuɗin adaidaita sahu zuwa bayan gari kowane mako ba.

Akwai waɗanda suka bi wata hanya. Magoya bayan Wimbledon a birnin Landan sun kafa AFC Wimbledon a 2002, bayan an amince a ɗauke tsohuwar ƙungiyarsu zuwa wani gari daban, Milton Keynes. Daga can ƙasa suka faro, suka shiga gasar ƙwararru a 2011, kuma ba su daina wasa a tsohon filinsu ba sai da sabon na Plough Lane ya kusa kammaluwa. Na mutum 9,000 da 'yan kai suka gina, suka bar damar faɗaɗa shi zuwa 20,000 in jama'a ta ƙaru. Da kuɗi suka gaza ana tsakar aiki, magoya bayan da kansu suka ranta wa ƙungiyar fiye da fam miliyan 5 don kada mulkinta ya fita daga hannunsu, aka buɗe filin a Nuwambar 2020. Ba na ce sun huta ba. Bashin yana kansu, kuma a Satumbar 2024 ambaliya ta lalata musu filin har sai da aka sake yin karo-karo. Amma babu mutum ɗaya da in ya yi fushi ko ya karye za su wayi gari a titi.

Na san abin da ke da wuya shi ne faɗa wa babba waɗannan maganganu, don kunyar nan ce ta hana ni. Kada ku je ku kaɗai, ku tafi da dattijon da yake jin nauyinsa. Ku ce, "Alhaji, so muke wannan alheri ya daɗe yana amfanar jama'a ko bayan ranmu, shi ya sa muke roƙon a rubuta." Ku roƙe shi a yi aikin daki-daki, kowane mataki ya zama ana iya wasa a kansa ko da an tsaya nan: a fara da daidaita ƙasa da magudanar ruwa, sai rijiya, sai katanga da ƙofa don a samu kuɗin shiga, sai banɗaki da ɗakin sauya kaya. Rumfa da fitilu su zo daga baya. Tsohon filinku kuwa ku ci gaba da share shi, kuna gaisawa da masu shi, har sai kun buga kaka guda cur a sabon.